Mai Zayyana da Injiniya: Darasi Daga Atamfar 8 ga Maris

 Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na sana'o'i na wannan makon, mun kawo shi a rubuce saboda waɗanda ba su samu saurare ba, da kuma masu son su ajiye su riƙa dubawa.

Batun dai shi ne: duk wani kaya da kake ɗauka a hannu, atamfa ce, kwalbar mai ce, murhu ne ko garma, kafin ya iso gare ka sai ya bi ta hannun mutane iri biyu. Akwai wanda ya zauna ya tsara yadda kayan zai kasance, akwai kuma wanda ya san yadda za a yi inji ya fitar da shi dubu-dubu ba tare da ya lalace ba. Idan waɗannan biyun suka fahimci juna, kaya ya fito a kan lokaci kuma a farashin da talaka zai iya saya. Idan kuwa kowa ya kama gabansa, jari ne ke salwanta, ma'aikata su rasa albashi, kasuwa kuma ta koma hannun kayan waje. Mu a nan arewacin Kamaru muna da misali a ƙofar gidanmu, wato auduga da atamfa, kuma da shi za mu yi bayani.

Su wane ne mutanen nan biyu?

Na farko shi ne mai zayyana. Shi ne ke tunanin mai saye: wane launi mata ke so bana, wane fure ne zai yi kyau idan an ɗinka riga da zane da ɗankwali, kwalbar nan za ta riƙu a hannun yarinya ko za ta suɓuce, me zai sa mutum ya tsaya ya ɗauki wannan kaya ya bar na kusa da shi. Aikinsa yana farawa da fensir da takarda, yanzu kuma galibi da kwamfuta.

Na biyu shi ne injiniya, tare da duk ma'aikatan da ke tsaye a kan inji. Tunaninsa daban ne: wane ƙarfe ko zare ko roba za a yi amfani da shi, injin da muke da shi zai iya yin wannan aiki, guda nawa za a fitar a rana, nawa kowane guda zai ci, idan ya lalace wa zai gyara.

Ka ga kowannensu yana da gaskiya a ɓangarensa. Mai zayyana na tsoron a fitar da kaya mai ƙwari amma babu mai kallonsa. Injiniya na tsoron a yi alkawarin abin da inji ba zai iya cikawa ba. Matsalar tana tasowa ne daga tsarin aiki. A wurare da dama mai zayyana yakan gama nasa tsaf, shugabanni su sa hannu, sannan a miƙa wa injiniya a ce masa ga shi nan, a buga. A lokacin ne zai duba ya ce wannan ba zai yiwu ba, ga shi kuwa an riga an sanar da ranar fitowar kaya. Daga nan sai zargin juna, wannan ya ce an ɓata masa zayyana, wancan ya ce an kawo masa mafarki.

Tafiyar atamfa daga gona zuwa wurin tela

Bari mu bi sawun atamfa tun daga tushe. Manoman jihar Arewa da jihar Arewa Mai Nisa ne ke noma audugar. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedkwatarsa ke nan Garwa, shi ke ba su iri da taki bashi, ya sayi audugar, ya gurza ta a masana'antunsa, ya raba ta da angurya. Anguryar ce ake matsewa a Garwa da Marwa a sami man girki na Diamaor. A shekaru masu albarka audugar da ake tarawa takan haura tan dubu 300 kafin a gurza. Sai dai mafi yawanta waje ake kai ta, kaso kaɗan ƙwarai ne ake sarrafawa a cikin ƙasa.

A da, wannan kaɗan ɗin yana shiga hannun kamfanin CICAM, wanda aka kafa a 1965. A lokacin, a masaƙarsa ta Garwa ake kaɗa audugar ta zama zare, a saƙa zaren ya zama farin yadi wanda bai ga launi ba, irin wanda iyayenmu ke kira akoko. Buga launi da zayyana kuwa a Duwala ake yi. Wato yadin zai bar Garwa ya gangara kudu, a wanke shi, a buga, a yanka turmi-turmi, sannan wanda za a sayar a arewa ya sake hawowa. Layin dogo a Ngaundare ya tsaya tun 1974, daga can zuwa Garwa sai mota, tafiyar kusan kilomita 280.

To yanzu ɗauki atamfar ranar mata ta duniya, wadda matan Kamaru ke yin anko da ita kowace 8 ga Maris, kuma CICAM ya shahara da buga ta. Kowace shekara sabuwar zayyana ce, da rubuce-rubuce da hotuna masu ɗauke da saƙon shekarar, ma'aikatar kula da harkokin mata da iyali ce ke gabatar da ita ga jama'a. Abin lura a nan shi ne ranar ba ta matsawa. Atamfar da ta iso kasuwa 9 ga Maris ta rasa dalilin sayenta. Haka abin yake ga ankon ma'aikata na 1 ga Mayu da na malaman makaranta na 5 ga Oktoba.

Saboda haka lissafin daga baya ake fara shi. Tela na bukatar lokacin ɗinki, kuma ka san yadda shagunan teloli ke cika a irin wannan lokaci. Kafin tela, 'yan kasuwa na bukatar kaya ya iso su rarraba har Kuseri da ƙauyuka. Kafin su akwai hanya, kafin hanya akwai bugu, kafin bugu akwai shirya inji da haɗa launi, kafin wannan kuma dole yadin ya riga ya saƙu. Duk kwanan da aka ɓata ana kai-komo tsakanin ofishin zayyana da ɗakin inji, daga kwanakin tela da ɗan kasuwa ake cire shi.

Inda zayyana ke cin karo da inji

Mai karatu, ga wasu wuraren da rigimar ta fi faruwa a kowace masana'antar buga atamfa, a nan ko a wata ƙasa.

Na farko, yawan launi. A kwamfuta, mai zayyana zai iya zuba launi 20 ba tare da ya kashe ko dala ba. A injin bugu kuwa, irin mai gangunan ƙarfe masu ƙananan huji da ke juyawa a kan yadi, kowane launi da gangarsa. Zayyana mai launi 8 na bukatar ganga 8, kowacce sai an shirya ta daban, an haɗa mata rininta, an saita ta. Kowane inji kuma yana da iyakar gangunan da yake ɗauka. Ƙarin launi ɗaya da mai zayyana ya ga bai kai komai ba, a wajen injiniya ƙarin kuɗi ne da lokaci da kuma ƙarin wurin da kuskure zai iya shiga.

Na biyu, maimaituwar fure. Tunda ganga zagaye take yi, zayyanar dole ta dawo daidai inda ta fara a kowane zagaye. Gangar da aka fi amfani da ita a duniya kewayenta santimita 64 ne. Idan mai zayyana ya tsara furen da ke maimaituwa kowane santimita 70, ba zai zauna a kan irin wannan ganga ba. Ko dai a matse shi ya dawo 64, fuskar da ke jikin hoton ta sauya kama, ko a sake tsara shi gaba ɗaya. Wanda ya san da haka tun farko zai tsara furensa a kan 64 ko 32 ko 16. Akwai kuma lissafin tela: turmi yadi 6 ne, wajen mita 5 da rabi, ke nan babban fure mai santimita 64 zai fito sau 8 da ɗoriya. Idan furen ya cika girma, tela sai ya yi ta zubar da ƙyalle kafin ya daidaita shi a gaban riga, turmi ɗaya ya kasa isar mace.

Na uku, siririn layi da ƙananan rubutu. Yadi ba takarda ba ne, rini yana ɗan bazuwa a cikin zare. Harafin da ya fito tsaf a fuskar kwamfuta zai iya cushewa a kan atamfa har ya kasa karantuwa. Idan kuma ganga ɗaya ta goce ko da kaɗan ne, sai ka ga launi ya hau kan ɗan'uwansa ko ya bar farin gurbi a tsakani. Gogaggen mai zayyana yakan bar wa inji ɗan sarari a inda launuka ke haɗuwa.

Na huɗu, launin kansa. Kwamfuta da haske take nuna launi, yadi kuwa rini yake sha. Shuɗin da ke walƙiya a waya zai iya fitowa a dushe a kan auduga. Sannan akwai tambayar da kowace uwargida ke yi a kasuwa: yana zuba? Rini mai kama zare sosai ya fi tsada kuma yana bukatar turarawa da wanki mai kyau a masana'anta. Ranar Garwa a watan Maris da Afrilu takan haura digiri 40, kuma a rana muke shanya, don haka launin da ba a gwada shi ba zai koɗe tun kafin damina.

Na biyar, shi yadin. Zaren da ya yi kauri ba ya karɓar zayyana mai ƙananan abubuwa, saƙar da ba ta yi yawa ba kuma takan tsuke bayan wanki. Ko iskar da ke ɗakin kaɗi tana da tasiri. Auduga na son ɗan danshi kafin ta kaɗu lafiya, a busasshiyar iskar hunturu zare yakan yi ta tsinkewa, shi ya sa masaƙu ke sanya injinan ƙara danshi. Su kuma wuta suke sha, wutar arewa kuwa ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya wutar ma raguwa take yi. Mai zayyanar da ke zaune a ofis mai sanyi ba lallai ya san cewa irin yadin da ya nema yana da alaƙa da ruwan Lagdo ba, sai an faɗa masa.

Gyara a takarda da gyara a kasuwa

Ƙa'ida ɗaya ce ke ƙarƙashin duk wannan: gwargwadon nisan da aiki ya yi, gwargwadon tsadar gyaransa. Sauya launi a kan takarda aikin minti biyar ne. Bayan an shirya ganguna, sauyin ya zama na kwanaki. Bayan an buga turmi dubbai, babu gyara sai karyar da farashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada ka ɗauka ƙananan kamfanoni kawai abin ke samu. A watan Yunin 2010 kamfanin Apple na Amurka ya fitar da wayar iPhone 4, wadda aka mai da ƙarfen da ya zagaye gefenta ya zama eriya. Fasalin ya yi kyau a ido, amma mutane suka gano cewa idan suka riƙe ta ta ƙasan gefen hagu, sabis yakan ragu. A watan Yuli shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya kira taron 'yan jarida, aka yi alkawarin ba masu wayar rigar roba kyauta. Kamfani mai dukiya irin wannan ya iya ɗaukar asarar. Mai ƙaramar sana'a a Gider ko Pitowa da ya ci bashi ya buga kwalabe ba shi da wannan gatan.

To me ake yi?

Abu na farko, a zauna tare tun ranar farko. Lokacin da kamfanin Toyota na Japan ke aikin motar Prius, wadda ta fito a ƙarshen 1997, babban injiniyan aikin, Takeshi Uchiyamada, ya tara masana na kowane sashe a babban ɗaki guda, da jadawalin aiki da zane-zane manne a bango. Duk wanda ya kawo shawara, nan take wanda abin zai shafa zai ba shi amsa. Suna kiran wannan tsari obeya, ma'anarsa babban ɗaki, kuma kamfanoni da yawa sun kwaikwaya. Ba sai kana da ginin Toyota ba. Benci biyu a ƙarƙashin darbejiya sun isa, muddin mai zayyana da mai inji da mai sayarwa suna wurin kafin a yanke shawara. Inda nisa ya raba su, kamar Garwa da Duwala, waya da hoton bidiyo sun rage wahala, amma a ware rana ɗaya a mako da kowa ya san ta wannan zama ce.

Na biyu, a rubuta iyakoki a takarda ɗaya da kowa zai riƙe. Injiniya ya faɗi gaskiyar injinsa: launi nawa yake ɗauka, mene ne faɗin yadi, wane siririn layi ne ba ya fita. Mai zayyana ya faɗi abin da ba zai yarda a taɓa ba, misali wannan jan shi ne ran atamfar, sauran kuwa ana iya sassautawa. Mai sayarwa ya faɗi farashin da kasuwa za ta ɗauka. Idan an san farashin tun farko, sai a tsara kayan ya shiga cikinsa, maimakon a gama sannan a fara yanke-yanke. A nan akwai gyaran harshe da ya kamata kowa ya yi. Injiniya ya daina tsayawa a kan “ba zai yiwu ba”, ya ce zai yiwu amma zai ci kaza, ko kuma ga wata hanya. Mai zayyana shi ma ya daina cewa “haka nake so”, ya bayyana dalili. Sau da yawa idan injiniya ya ji dalilin, shi ne zai kawo dabarar da ta fi sauƙi.

Na uku, a yi samfuri da wuri, da ainihin kayan da za a yi aiki da su. Gani ya kori ji. A buga ɗan ƙyalle a kan yadin da za a yi amfani da shi, a wanke shi da sabulun da mata ke wanki da shi, a shanya a rana, a goge, a kai wa tela ya ɗinka. Samfurin da kowa ya amince da shi a sa masa hannu da kwanan wata, a raba shi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a ɗakin inji. Gobe idan gardama ta tashi a kan launi, shi za a ɗauko.

Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa a Najeriya misali ne mai kyau a nan. Malamin makaranta ne da ya fito daga gidan magina tukwane. Dabararsa ita ce a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke ƙafewa ta jikin tukunyar waje, sai ya janye zafi, kayan miyan da ke ciki su daɗe ba su lalace ba. Ilimin a takarda mai sauƙi ne, amma girman tukwanen da irin yumɓun da zai bar ruwa ya ratsa, wannan a hannun magina yake. Ya yi ta gwaji, ya ba maginan ƙauyuka aikin, kayan ya fito a farashin da manomi zai iya saya, kuma a shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex.

Na huɗu, a kira mai gyara da mai sayarwa su ma su faɗi nasu. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan, wanda ke aiki tun 1846, ya daɗe yana sauraron manyan 'yan kasuwa mata na Lome, waɗanda ake kira Nana Benz, game da launi da furen da zai karɓu, kuma a kasuwa ne atamfofin ke samun sunayensu. Mu ma muna da irinsu a babbar kasuwar Garwa da ta Marwa da Kantin Kwari a Kano. Mace mai rumfar atamfa za ta faɗa maka cikin minti ɗaya abin da zai kwana a rumfa.

Na biyar, a sa ranar rufe sauyi, a kuma naɗa mutum ɗaya mai yanke hukunci. Bayan wannan ranar, duk wanda ke son a sauya wani abu sai ya rubuta, a lissafa kuɗi da kwanakin da zai ci, sannan a amince ko a ƙi. Kowane zane a sa masa lamba da kwanan wata, domin asara da yawa na zuwa ne daga mai inji yana aiki da tsohon zane alhali an riga an yi sabo.

Na shida, kada a fara da dubbai. A fitar da kaɗan, a saka a kasuwa ɗaya ko biyu, a ji ƙorafi, a gyara. Kayan da suka dawo kuma a baje su a gaban kowa, mai zayyana da injiniya su duba tare, a nemi inda tsarin ya yi rauni.

Mai ƙaramar sana'a fa?

Wataƙila ka ce ni ba ni da masana'anta. Ai abin bai tsaya a kan manyan kamfanoni ba. Dubi garmar shanu da ta jaki, waɗanda suka bazu a yankin auduga ta hanyar bashin kayan aiki, kuma maƙeranmu suka koyi ƙera su da kayan gyaransu. Garmar da ta yi wa bijimai biyu daidai ta yi wa jaki nauyi. Wadda aka tsara don ƙasa mai yashi za ta sha wahala a laka mai tauri irin ta karal. Idan matashin da ya karanta aikin injiniya ya zana sabuwar garma ba tare da ya tambayi maƙeri irin ƙarfen da ake samu a kasuwa ba, da kuma ko za a iya sauya bakinta a ƙauye idan ya cinye, zanen nasa a takarda zai ƙare.

Haka mai murhun rage cin itace. Idan bai auna tukwanen da ake girki da su a gidajenmu ba, bai kuma kalli yadda ake tuƙa tuwo da ƙarfi ba, murhun zai yi ta rawa, uwargida ta ture shi gefe ta koma kan duwatsunta uku. Haka matar da ke son zuba zoɓo, wanda muke kira folere, a kwalba mai fasali na daban. Sabon fasali na bukatar a ƙera masa mazubinsa na ƙarfe, kuma wannan kuɗi ne mai yawa. Mai inji zai iya ba ta shawara ta ɗauki kwalbar da ake da ita, ta zuba basirarta a kan takardar da za a manna, ta kuma gwada ko takardar za ta jure ruwan ƙanƙara ba ta ɓare ba. Dukawan Marwa masu jaka da takalmi su ma sun san wannan: zayyanar da ta zo daga birni sai ta dace da kaurin fatar da majema ke fitarwa.

Makarantu da kare haƙƙi

Arewacin Kamaru yanzu yana horar da ɓangarorin biyu. Ngaundare na da makarantar ENSAI mai koyar da injiniyoyin sarrafa kayan gona. Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana da babbar makarantar injiniyoyi. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da cibiyar koyar da zane-zane da ƙirƙira. Abin da zai amfani ɗaliban nan shi ne a riƙa haɗa su aiki guda tun suna makaranta, ɗalibin zane da ɗalibin inji su fitar da kaya ɗaya, su je su zauna a maƙera ko masaƙa na wasu makonni. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun ga yadda masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya saboda matsalar wuta da shigowar kayan waje masu araha da fasa-ƙwauri. Haɗin kan mai zayyana da injiniya shi kaɗai ba zai magance waɗannan ba, amma shi ne ɓangaren da ke hannun masu sana'ar, kuma kusan ba ya cin kuɗi.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sani: zayyana dukiya ce, kuma ana satarta. Hukumar OAPI da ke Yawunde tana yi wa zayyanar kayan masana'antu rajista, kuma rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Kamaru da Chadi da Nijar. Najeriya ba ta ciki, don haka mai son kariya a Yola ko Kano sai ya yi rajista daban a can. Kafin a fara aiki, mai zayyana da mai masana'anta su rubuta a takarda wa ke da zayyanar da yadda za a raba amfaninta. Batun inganci kuma, hukumar ANOR ce ke kula da ma'auni a Kamaru, gara a nemi ƙa'idojinta tun ana tsara kaya.

Idan kana da wani kaya da kake shirin fitarwa, ɗauki zanen a wannan makon ka kai wa wanda zai ƙera shi, ka tambaye shi wane ɓangare ne zai fi ba shi wahala, da abin da zai sauya idan da nasa ne. Ka rubuta amsarsa kafin ka kashe ko sisi. Masu sana'ar da suka taɓa gwada irin wannan haɗin kai, muna jiran saƙonninku domin mu karanta su a shiri na gaba.